Dillaliyar Inshora Ta Je Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a layin niƙa a tare ni, har mai kayan miyan lungunmu sai da ya ajiye gwangwanin awonsa ya ce, "Hajiya Rabi, wai da gaske ne a can sai an yi wata uku kafin a binne mutum?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni 'yar Kabara ce a birnin Kano, dillaliya kuma 'yar dillaliya. Mahaifiyata ta ƙarar da ƙuruciyarta tana shiga gidajen birni da ƙullin atamfa da kwanukan samira a ka. Ni na gaji ƙafarta, ban gaji ƙullinta ba, don inshorar lafiya nake dillanci. Aikina in nemo maigidan da ke da ma'aikata 'yan kaɗan, kamar mai gidan burodi ko mai shagon ɗinki, in haɗa shi da kamfanin inshora. Shi zai riƙa biya wa yaransa da iyalansu a dunƙule, wanda ciwo ya kama ya je asibiti da kati, ni kuma kamfani ya ba ni la'ada. Wannan shi ne aikin a takarda. A ƙasa kuwa ni ce mai raka matar wane awo, ni ce mai karɓo wa tsohuwar wane magani, ni ce mai ɗaga murya a asibiti in an ce kati bai hau ba.

Babban maigidan da nake da shi shi ne Alhaji Mamuda na Ƙofar Mata, mai rijiyoyin rini da mabuga. Marinansa da masu bugu da matan da ke yi masa ɗaurin zane a cikin gidaje, duk a hannuna suke shekara da shekaru. Da la'adarsa nake ɗora tukunya, da ita yarana ke makaranta. Sauran ƙananan masu gidan da nake da su duk shi suke kallo, in ya zauna su zauna, in ya tashi su tashi.

Sai ga sabuwar doka, aka ce inshorar lafiya ta zama dole a kan kowa. Da na ji har na yi guɗa a raina, na ce kasuwa ta buɗe. Ashe tare da dokar gwamnati ta buɗe nata tsarin, mai sauƙin kuɗi, wanda mutum zai je da ƙafarsa a ɗauki hotonsa a ba shi kati, babu ruwan kowa da dillali. Kamfanin da nake wa aiki kuma ya fara tsuke baki, ya ce ƙananan ƙungiyoyi wahalarsu ta fi ribarsu. Ana cikin haka Alhaji Mamuda ya aiko in je. Na same shi a bakin karofi, ya sa aka kawo mini kujera, abin da bai saba yi ba, nan na san akwai magana.

"Hajiya Rabi, ba raini ba ne, Allah ya sani kin yi mana ƙoƙari," ya ce. "Amma tunda na gwamnati ya zo, kuma ya fi sauƙi, in namu ya ƙare ƙarshen watan nan ba zan sabunta ba."

Na ce masa Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Na taso na taho. Tsoro na ji, tsoro sosai, irin na macen da ta haura arba'in kuma ba ta iya wata sana'a ba.

A makon ne Memuna ta bugo waya daga Kumasi. Taubashiyata ce, 'yar kawuna da ya bi fataucin goro tun yana saurayi ya zauna can. Za ta aurar da 'yarta, ta ce in ban zo ba ta san tsoron kuɗin mota nake ji, dama Kanawa da maƙo. Da ba don halin da nake ciki ba da na aika gudummawa na yi zamana. Amma na daɗe ina jin cewa mutanen Gana sun riga mu shiga wannan tsari na katin gwamnati da shekaru masu yawa. Na ce zuwa da kai ya fi aike. Bari in je in ga dillalan can da idona, ko suna nan da ransu ko an yi musu sadakar bakwai.

Gwaggona Azumi, ƙanwar mahaifina, ta ce ƙafata ƙafarta. Ta haura saba'in, ba ta taɓa wuce Zariya ba sai da ta je Makka, amma ta ce ba za a aurar da 'yar Memuna babu dangin Kano ba. Ta haɗa dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu kamar za mu ƙasar da aka yi fari. Ana gobe tafiya muka kira mai lalle ta zauna a kanmu, ja a tafin hannu, baƙi a yatsu har ya yi sheƙi, don Gwaggo ta ce ba ta yarda da lallen wata ƙasa ba.

Doguwar mota muka shiga zuwa Legas. Ba zan ɓata muku lokaci da wannan hanyar ba, da yawanku kun san ta, kun san yadda gwiwa ke sandarewa. Abin da zan faɗa kawai shi ne tun kafin Kaduna Gwaggo ta san sunan kowa a layinmu da na gabanmu, ta san matar da ta yi yaji da wadda za ta ganin jika, kuma ta raba kusan rabin dambun. A Legas muka sauka a gidan wani fatoma Bakano a Agege, mai saukar da fatake. Ɗakin mata guda ne, tabarmi a shimfiɗe, fanka tana juyi kamar an tilasta mata. Uwargidansa ta ba mu tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce mu ci da kyau, daga nan sai abin da Allah ya yi.

Washegari muka shiga ƙaramar motar da ke bin bakin teku. Iyaka uku ake tsallakewa kafin a shiga Gana, kowace da harshenta da kuɗinta da irin hular ma'aikatanta. Muna wuce ta farko wayata ta mutu murus. Ba caji ba ne, layin ne ya ce iyakarsa ke nan. Na yi ta ɗaga ta sama ina juyawa, direba ya ce in adana ƙarfina, sai na dawo za ta farfaɗo. Raina bai so ba, amma na ce ai ba wanda zai neme ni, tunda an sallame ni.

A Kwatano babura suka ba Gwaggo mamaki, mata da kansu suna tuƙawa da goyo a baya. A Lome wata yarinya ta miƙo mana burodi ta taga, dogo siriri mai tauri. Gwaggo ta karɓa ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa shi a jikin kujera, ta ce, "Wannan na ci ne ko na korar awaki?" Amma ita ta cinye shi da yaji kafin mu kai iyaka ta uku.

A nan lallenmu ya ja mana. Ma'aikaciyar shige da fice, wata doguwa mai fara'a, ta ce in ɗora yatsuna a kan na'ura. Na ɗora, na'ura ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Ta kama hannuna ta duba, ta kira abokiyar aikinta, suka yi ta yaba zanen da harshensu, amma na'ura ba ta san kwalliya ba. Aka kawo ruwan goge hannu, aka kawo lemun tsami daga wajen mai abinci, na yi ta dirza har yatsuna suka yi zafi. Fasinjojin motarmu suna waje suna jira, direba yana leƙowa yana duba agogo. Da ƙyar ƙaramin yatsana na hagu ya hau, wanda mai lalle ta yi wa rowa. Gwaggo kuwa babu wanda ya hau, sai da babbansu ya fito ya dube ta ya dubi fasfo ya sa hannu. Tana fitowa ta ce da ni, "Kin gani ko? Lallen Kano ko injin Bature bai iya da shi ba." Ita a wurinta nasara muka yi.

Mun kwana a Ankara, babban birnin Gana, a gidan wata ƙawar Memuna, da safe muka kama hanyar Kumasi. Ƙasar kore ce shar, ruwa kuma ba ya sallama kafin ya sauko. Abin da ya fi ɗaukar idona a hanya manyan hotunan mutane ne a kafe a bakin titi, tsofaffi cikin ado. Na ɗauka 'yan takara ne, na ce kai, ƙasar nan tsofaffi sun riƙe siyasa. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya yi dariya ya ce ai mamata ne, sanarwar ranar jana'izarsu ce.

Memuna ta tare mu a tasha da ihu da tsiya. Ta ce na tsufa, na ce ita ta yi ƙiba har ta fi ƙarfin zani ɗaya. Hausarsu ta Zango, unguwar Hausawan can, daɗi gare ta, ba ta damu da mace ko namiji ba, kowa "ya zo" ne, Gwaggo ta yi ta gyara musu har ta gaji ta bari. Gidan da suke babban gida ne na haya, ɗakuna a zagaye, tsakar gida ɗaya, Musulmi da Kirista kowa da murhunsa. Babu soro. Namiji zai shigo kansa tsaye ya wuce ta gaban mata suna wanke-wanke, ya ce sannunku, su ce yauwa. Gwaggo ba ta cire mayafi ba tun da muka shiga gidan, ina jin da shi take barci.

Abinci kuwa, na ci abin da na sani da sunan da ban sani ba. Shinkafa da wakenmu ce suka rina ta ja da karan dawa, suka tara mata taliya da gari da ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Koko da ƙosai kuma a can sarauta gare su, kokon Hausa suke ce masa, ka ga mai kwat da jaka ya bi layi da safe yana jira. Na ce oh, abin da yaranmu ke yi wa yanga. Akwai kuma dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Ni loma biyu na yi na ajiye. Gwaggo, wadda ta zo da guzurin wata guda don kada ta ci abincin baƙi, ita ta zauna ta tashi da ƙulli biyu da shito.

Wata rana da shirye-shiryen biki suka ɗan lafa na gaya wa Memuna ainihin abin da ya kawo ni. Ta ce ta san wani Mista Owusu, shi ne da can yake yi wa ma'aikatan gidan katakon da mijinta ke aiki inshora. Ta kai ni ofishinsa kusa da babbar kasuwa. Ina shiga hankalina ya ɗan kwanta, don na ga kujeru masu laushi da na'urar sanyaya ɗaki, shi kansa kuma ya yi ɓulɓul. Na ce a raina ashe dillali bai mutu ba. Ya sa aka kawo mana lemo, na yi masa bayani da Turancina na sakandare.

"Madam, abin da ya same ki ya same ni," ya ce. "Da katin gwamnati ya zo, ƙananan masu gidana ɗaya bayan ɗaya suka zare jiki. Manyan kamfanoni sun ci gaba da tasu inshorar, amma su ba sa neman irina, suna da manyan dillalansu. Na zauna a shagon nan ina korar ƙuda."

Na ce to yaya aka yi ya farfaɗo?

Ya nuna mini bango. Sai a lokacin na lura da hotunan da ke jiki: akwatunan gawa ne masu ƙyalli, da rumfuna, da mutane cikin ja da baƙi.

"Inshorar jana'iza nake sayarwa yanzu. Mutumin nan zai iya ƙin zuwa asibiti, amma ba zai yarda a binne uwarsa babu makaɗa da abincin ɗaruruwan mutane ba. Kuma gwamnati ba ta fito da katin mutuwa ba tukuna. Ki koma Kano ki fara, ni zan nuna miki hanya."

Na ce masa a wurinmu wanda ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta. Farin yadi ne 'yan ƙalilan, makara ta masallacin unguwa ce, masu wanka da masu ɗauka lada suke nema. Attajiri da mai tallan ruwa duk shiri ɗaya ake yi musu. Ya saki baki yana kallona.

"Babu akwati?"

"Babu."

"Babu makaɗa?"

Na ce Allah ya kiyaye.

Ya jingina da kujera ya girgiza kai. "To ku kam kun kashe kasuwa," ya ce, kuma da gaske tausayina yake ji.

Memuna ta yi ta dariya a hanya har tana riƙe ciki. Ni ma na yi, amma ta fatar baki. Abin da na zo gani na gani: dillali ɗaya da ya tsira, kuma ta ƙofar da ni ba ni da ita. Abin da ya ci Doma ba zai bar Awe ba. Ranar ko abincin biki ban iya ci ba, na zauna ina tunanin ko awara zan fara soyawa a ƙofar gida.

Dokunun Gwaggo ne ya cece ni. Kashegari cikinta ya ɓaci, tun tana cewa ba komai har ta kasa tsayuwar salla. Muka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin Zango. A can na ga wani abin mamakin. Mutane na zaune a benci, kowa na ba da labarin ciwonsa da ƙarfi kamar ana hirar kasuwa. Wata ta gaya wa duk layin inda basir ya kai ta, wani dattijo ya karɓe da nasa, ana ta ba juna shawara. Da aka zo kanmu, ma'aikacin jinya, saurayi sa'an jikanta, ya tambayi Gwaggo me ke damunta. Ta dube shi, ta dubi jama'a, ta ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Gaisuwa muka zo." Sai da na ja shi gefe na yi masa raɗa.

Muna jira a ƙara mata ruwa sai na lura da wata mata, ƙaƙƙarfa, da atamfa da jakar hannu kamar ta ungozoma. Mata uku ne a bayanta. Ta zaunar da ɗaya, ta shiga da ɗaya wajen likita, ta fito ta tsaya a tagar magani tana musu da mai bayarwa cikin ladabi amma ba ta matsa ba. Ban san sunanta ba, amma na san wannan tsayuwar, don tawa ce. Na matsa na yi mata sallama na ce, "Baiwar Allah, ke dillaliya ce?"

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Da can. Yanzu ban san sunan abin da nake ba."

Hajiya Safura sunanta. Muka zauna a bencin muka yi hira kamar mun shekara da sanin juna. Ita ma da kamfani take wa dillanci, ita ma masu gidanta sun watse da katin gwamnati ya zo. Ta ce ta yi kusan shekara tana sayar da sabulu.

"Kar ki zagi katin nan, 'yar'uwa," ta ce. "Alheri ne. Na ga matan da da a gida za su haihu su mutu, yanzu suna zuwa nan. Amma kati ba shi da ƙafa, ba shi da baki. Yana mutuwa duk shekara, talaka ba ya tunawa sai ya zo taga da ciwo a ce masa ya mutu. Wani maganin yana ciki, wani ba ya ciki. Wani ciwon sai an rubuta maka takarda zuwa babban asibiti, kai kuma ba ka san wa za ka tambaya ba."

Ta ce wani maigidan goro ne ya fara nemanta, da ya ga matan da ke yi masa zaɓen goro suna kwana biyu uku ba su zo aiki ba saboda yawon asibiti. Yanzu shi ke biya musu kuɗin katin gwamnati ta hannunta, ya ajiye wani ɗan asusu na abin da kati bai ɗauka ba, ita kuma ya ba ta nata duk wata. Daga shi sai mai gidan burodi ya biyo, sai wasu.

"Da kamfani ke ba ni, yanzu maigida ke ba ni. Bai kai na da ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ban sake sayar da sabulu ba."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Na riƙe hannunta na yi ta godiya har ta fara jin kunya. Gwaggo daga kan gado, da robar ruwa a hannu, ta ce ai dama ta san ciwon nan nata ba banza ba.

Aka ɗaura aure lafiya, aka kai amarya, Gwaggo ta warware har ta taka rawa kaɗan da mayafinta. Memuna ta cika mana jaka da goro da atamfa da kwalbar shito, ta ce in kai wa Kanawa su san duniya da faɗi. A hanyar dawowa lalle ya koɗe, na'ura ta karɓe mu ba gardama, abin da ya ɗan ɓata wa Gwaggo rai. Ni kuwa tun daga Kumasi har Kwanar Dangora jawabi nake haɗawa a kaina, yadda zan je in tsaya gaban Alhaji Mamuda in ce kaza, in ya ce kaza in ce kaza. Duk da haka ban sakankance ba. Alhaji mutum ne da in ya yanke magana ba ya son a dawo da ita.

Ban kai ga zuwa ba. Washegarin saukarmu da hantsi, ina cikin raba tsaraba, aka ce ana sallama da ni a soro. Na fita na tarar da Alhaji Mamuda da kansa a tsaye. Tun da nake da shi bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba. Na shimfiɗa masa darduma, muka gaisa, ya tambayi hanya da mutanen can, amma na ga hankalinsa ba a nan yake ba.

Ya ce bayan tafiyata ya cika maganarsa. Ya kwashi ma'aikatansa da iyalansu an yi musu katin gwamnati, kowa ya samu, ba a wahalar da su ba. Sai matar wani dattijo cikin marinansa ciwonta ya tashi. Ba zan faɗi sunansa ba. Ciwo ne da ta daɗe da shi, ni nake kai ta wajen wata likita mace lokaci-lokaci, mu dawo babu wanda ya ji. Sabon katin wani asibitin ya haɗa su da shi, can kuma aka ce sai an tura su gaba, dattijon bai gane kan abin ba. Ya nemi wayata ya gaji. Da abin ya yi tsanani sai ya je wajen maigidansa neman taimako.

"A bakin karofi ya same ni, ga yara suna aiki," Alhaji ya ce. "Ya ce iyalinsa ba lafiya. Na ce subhanallahi, me ke damunta? Ya kau da kai. Ni kuma, Hajiya, wallahi kulawa ce ta sa, na ce ya faɗa mini mana, in san likitan da za a nema. Na matsa masa. Ya sunkuyar da kai ya faɗa."

Alhaji ya murza carbinsa. Abin da dattijon ya faɗa ba zan rubuta shi a nan ba.

"Na ba shi abin da ya nema, an kai ta. Amma tun ranar bai sake haɗa ido da ni ba. Mutumin da tun muna samari kwano ɗaya muke ci da rana. Yanzu rijiyar can ƙarshe yake zuwa ya yi aikinsa, in an kawo abinci ya ce ya ƙoshi. Na ji abin da bai kamata in ji ba, kuma ba a mayar da ji."

Ya ɗago ya dube ni. "Duk shekarun nan kin san da wannan?"

"Na sani, Alhaji."

"Da na sauran?"



"A'a, kar ki faɗa," ya ce da sauri, har yana ɗaga hannu. "Ni da ina ganin kuɗin asibiti kawai nake biya, ashe har da rufin asiri. Ki dawo ki karɓi mutanenki. Katin gwamnatin za mu riƙe, yana da kyau, ke kuma ni zan riƙa biyan ki, mu ajiye wani abu na abin da bai ɗauka ba. Ki tsara yadda kika ga dama. Abu ɗaya nake so: kada wani ya sake tsayawa a gabana ya faɗi abin da ke damun matarsa."

Jawabin da na haɗo tun daga Kumasi ko kalma ɗaya ban yi amfani da ita ba. Na ce masa na karɓa. Da ya tafi na koma ɗaki na yi sujada, na yi kukan da na riƙe tun ranar da ya sa aka kawo mini kujera. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba, tukunyata ta tsira. Kafin mako ya zagayo mai gidan burodi da masu ɗinki biyu sun aiko in je mu yi irin wannan magana.

A ranar da Alhaji ya zo, da la'asar na je gidan dattijon. Matar na ganina ta kama hannuna ta ce, "Kin tafi kin bar mu." Na ce na dawo. Na karɓo takardar da ake nema, na mayar da matar wajen likitarta, kuma alhamdu lillahi tana samun sauƙi, jiya ma na same ta tana ɗaurin zane a tsakar gida.

Mijinta ne har yau bai koma cin abinci da Alhaji ba. Kullum in an kawo kwanon rana, Alhaji yakan ci gefe ɗaya, ya rufe sauran, ya ce a bar shi nan ko zai zo.